Hatsarin Tiyata Ya Fi Yawa Bayan An Fito Daga Ɗakin Tiyata

Mai karatu, idan aka ce za a yi wa wani naka tiyata, me ya fi tsaya maka a rai? A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, tambayar da na fi ji daga bakin iyalai ita ce: "Anya kuwa zai farka daga allurar barcin nan?" Shi ya sa ranar aiki ake cika ƙofar ɗakin tiyata, kowa ya yi jugum. Da zarar an turo majinyaci ya buɗe ido, sai a shiga buge-bugen waya ana sanar da dangi cewa an fito lafiya. Daga nan jama'a su watse, a bar mutum ɗaya da tabarma da kular abinci.

Ra'ayina shi ne ba a nan gizo yake saƙa ba. Binciken da masana aikin sa barci da likitocin fiɗa suka yi ya nuna cewa mafi yawan waɗanda ake rasawa sanadiyyar tiyata, a ɗakin kwanciya ake rasa su, cikin kwanakin da ke biyo bayan aiki. Wannan kuwa shi ne lokacin da mai jinya ya fi kowa kusa da majinyaci. Saboda haka abin da ka sani da abin da ka yi a waɗannan kwanaki yana da nauyin da ba ka zata ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

A shekarar 2016 aka gudanar da wani babban bincike a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard, likitan sa barci a Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu. Asibitoci 247 suka shiga, kowanne ya rubuta bayanan manyan da aka yi wa tiyata a cikin mako guda, jimillarsu 11,422. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2018. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da wata matsala bayan aiki, mafi yawanci shigar ƙwayoyin cuta. Mutum 239 suka rasu, wato kimanin biyu cikin ɗari. Daga cikin waɗannan, kashi 94 cikin ɗari sun rasu ne bayan ranar da aka yi musu aikin ta wuce.

Wani abin da ya ƙara tayar da hankalin masanan shi ne, majinyatan Afirka sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙoshin lafiya kafin aiki, amma yiwuwar su rasu bayan tiyatar da aka tsara ta ninka ta sauran duniya sau biyu. Ga mata masu haihuwa ta hanyar tiyata kuwa, ƙarin nazarin da aka fitar a 2019 ya nuna ana rasa kimanin uwa biyar cikin kowace dubu, ninki hamsin na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki, kuma zubar jini yana kan gaba cikin dalilai.

Masanan sun danganta wannan da rashin gano matsala da wuri. Jini yakan zuba a ciki, ko numfashi ya fara sauyawa, ko zazzaɓi ya taso da tsakar dare, alhali ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ke kula da gadaje masu yawa. Kafin a ankara, lokacin ceto ya ƙure.

Shi maganin sa barcin da ake tsoro ya yi nisa ƙwarai daga yadda yake a 1846, lokacin da William Morton ya fara nuna amfani da shi a bainar jama'a a birnin Boston na Amurka. Yau akwai na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar da ke cikin jini, akwai kuma mutum guda da ba shi da wani aiki sai tsare numfashi da bugun zuciyar majinyaci har a gama. Ban ce babu hatsari ba, sai dai a ɗakin tiyata ido ba ya barin majinyaci ko na minti ɗaya. Haka ma allurar baya da ake yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa: takan jawo wa wasu ciwon kai na 'yan kwanaki, wanda ake iya magancewa, amma bincike bai tabbatar da raɗe-raɗin cewa tana barin ciwon baya na har abada ba, kuma ga mafi yawan mata ta fi barcin gaba ɗaya aminci.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya

Farfaɗowa tana farawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata, daga amsar da aka bai wa likitan sa barci idan ya tambayi magungunan da majinyaci yake sha. A nan ne kunya take cutar da mutane da yawa.

Wanda ya saba shan tiramadol ko kodin, jikinsa ya riga ya saba da irin waɗannan magunguna, don haka adadin da zai kwantar wa wani da ciwo shi ba zai ishe shi ba. Idan kuma aka yanke masa su kwatsam saboda ba a sani ba, sai ya kama rawar jiki da gumi da firgita, a yi ta neman dalili a wani wuri. Gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma likitan da ke tambayarka ba ɗan sanda ba ne, lissafin magani yake yi.

Haka nan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan sauya launin fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Idan an daɗe ana amfani da shi, jiki yakan rage samar da nasa, sai awon jini ya faɗi ana tsakiyar aiki, ɗinki kuma ya yi jinkirin haɗewa. Likitan da aka gaya wa tun farko yana da yadda zai kare wannan.

Asfirin da wafarin da sauran magungunan da ke tsinka jini suna shafar zubar jini, suna kuma shafar shawarar ko za a yi allurar baya ko a'a. Jiƙo da tsimi da garin magani da ƙwayoyin ƙarin kuzari su ma a ambace su. Galibi akan so a dakatar da su mako biyu kafin aikin da aka tsara. Magungunan hawan jini da na ciwon suga kuwa, kada a dakatar da su da ka: akwai waɗanda ake sha da safiyar aiki da kurɓin ruwa, akwai waɗanda ake tsallakewa, likita ne zai bambance. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba duk abin da majinyaci yake sha cikin leda ɗaya, da kwalayensu, a kawo. Mai shan taba ko shisha kuma ya sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa dainawa mako huɗu kafin tiyata tana rage matsalolin huhu da na warkewar rauni.

Doguwar ƙishirwa kafin aiki

Kowa ya san dokar nan ta kada a ci kada a sha daga sha biyun dare. Tana da asali. A 1946 wani likita a birnin New York, Curtis Mendelson, ya duba haihuwa 44,016, ya samu mata 66 da abin da ke cikin tumbinsu ya kwarara zuwa huhu suna cikin barcin magani. Hatsari ne na gaske, kuma shi ya sa har gobe ba a shiga tiyata da cikakken ciki.

Sai dai daga baya an gano cewa ruwa da tuwo ba tafiyarsu ɗaya ba. Wani gwaji da aka yi a Kanada a 1986 ya nuna waɗanda aka bai wa ɗan ruwa awa biyu zuwa uku kafin aiki, abin da ya rage a tumbinsu bai kai na waɗanda suka kwana da ƙishirwa ba. A 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi yanzu ga mai lafiya da za a yi wa aikin da aka tsara: ruwa garai har zuwa awa 2 kafin aiki, nonon uwa awa 4, abinci marar nauyi ko madara awa 6, abinci mai maiƙo ko nama awa 8. Ruwa garai yana nufin wanda ake hango ƙasan kofi ta cikinsa, kamar ruwan sha ko shayi ba madara. Koko da kunu da fura abinci ne a wannan lissafi.

Mutumin da ya wuni awa goma sha biyar ba ruwa a zafin Afrilu yakan shiga ɗakin tiyata a bushe, jijiyarsa ta yi wuyar samu, awon jininsa ya yi saurin faɗuwa. Don haka ka tambayi likitan sa barci: "Zuwa ƙarfe nawa zai iya shan ruwa?" Idan aka ɗaga lokacin aiki daga safe zuwa yamma, ka sake tambaya. Amma kada ka yanke hukunci da kanka. Mai toshewar hanji, da wanda za a yi wa aikin gaggawa, da wasu masu ciwon suga, dokarsu daban ce. Idan kuma tausayi ya sa an ba majinyaci wani abu a ɓoye, musamman yaro, a faɗa kafin a shiga. Ɗaga aiki ya fi shaƙewa sauƙi.

Kwanciya ba ita ce jinya ba

A al'adarmu, nuna ƙauna ga marar lafiya shi ne a hana shi motsi. "Kwanta abinka, kada ɗinkin ya farke." Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya tambayi kansa a shekarun 1990 me ya sa majinyaci yake daɗewa a asibiti bayan aikin ya yi kyau. Ya gano cewa ciwo, da yunwa, da doguwar kwanciya, da robobin da ake bari a jiki fiye da ƙima su ne suke riƙe shi. Da ya gyara waɗannan, sai ga waɗanda aka yanke wa wani sashe na babban hanji suna komawa gida cikin kwana biyu zuwa uku, maimakon mako guda ko fiye. Daga aikinsa aka gina tsarin gaggauta farfaɗowa bayan tiyata, wanda aka kafa wa ƙungiya ta duniya a Suwidin a 2010, kuma yanzu ya shafi har tiyatar haihuwa.

Dalilin a fili yake. Wanda ya kwanta ba motsi, ƙasan huhunsa ba ya buɗewa sosai, majina ta taru, ciwon huhu ya samu ƙofa. Jini yakan daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe hanyar huhu. Hanji yakan yi sanyin aiki, tsoka ta saki. Tashi zaune a bakin gado, da 'yan taku zuwa ƙofa, da jan dogon numfashi sau da yawa a kowace awa, su ne rigakafin waɗannan. Ga ayyuka da yawa ana fara wannan a ranar aikin ko washegari. Idan tari ya zo, a dafe wurin ɗinkin da matashi a yi shi, kada a danne.

Aikinka a nan shi ne ka tambayi ma'aikatan jinya yaushe aka yarda ya tashi, yaushe kuma zai fara sha da ci, sa'an nan ka zama kafaɗar da zai dafa. Tashin farko a yi shi a gaban ma'aikaci, domin jiri yakan ɗebi mutum. Akwai ayyukan ƙashi da na ƙwaƙwalwa da na ido da suke da tasu doka, a bi ta.

Ciwo da maganinsa

Babu mai tashi ya taka alhali ciwo yana cin sa. Jarumtar cije baki a ce "da sauƙi" ba ta da amfani a nan, domin mai jin ciwo ba ya cika huhunsa da iska, ba ya barci, ba ya cin abinci. Abin da bincike ya tabbatar shi ne haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, a sha su a kan lokaci tun ciwon bai taso ba: farasitamol, tare da irin su aibufurofin ko daikulofenak ga wanda suka dace da shi, a ajiye masu ƙarfi irin su mofin da tiramadol don ciwon da ya fi ƙarfin waɗannan, na ɗan taƙaitaccen lokaci. Hakan yana rage amai da taurin bayan gida da yawan barcin da masu ƙarfin suke kawowa. Wanda ya san yana yawan amai a mota, ko ya taɓa amai bayan wata tiyata, ya faɗa tun farko, domin akwai maganin da ake bayarwa don rigakafi.

Ga inda nake roƙon iyalai su kiyaye. Farasitamol ga babba mai lafiyar hanta kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Aibufurofin da daikulofenak 'yan gida ɗaya ne, ba a haɗa su, kuma suna iya cutar da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko wanda jikinsa ya bushe. Kada wani mai dubiya ya zaro ƙwaya daga aljihu, kada kuma a aika kemis a ƙaro wani abu a kan abin da aka rubuta ba tare da sanin ma'aikata ba.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma haka. Mutane da yawa suna ganin an yi musu rowa idan ba a ba su na mako guda ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a bayar da shi cikin awa biyu kafin a tsaga fata, kuma kada a ci gaba da shi bayan an gama aiki don rigakafi kawai. Idan akwai cuta a jiki tun farko, kamar hanjin da ya fashe, wannan magani ne na daban, likita zai rubuta kwanakinsa. Abin da ke tsare rauni shi ne wanke hannu kafin a taɓa majinyaci, da barin bandeji yadda aka sa shi, da nisantar da toka da man gargajiya da gashin ruwan zafi daga wurin ɗinki, ko da mai jego ce.

Idon mai jinya

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100. Da agogon wayarka za ka iya ƙirga su. Ka kira ma'aikaci nan take idan numfashi ya haura 24 ko ya sauka ƙasa da 10, ko bugun zuciya ya wuce 120, ko jiki ya yi zafi da rawar ɗari, ko tafin hannu ya yi sanyi da gumi. Haka nan idan majinyaci ya fara sambatu ko ya yi wuyar tashi daga barci, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ciki ya kumbura yana ta amai, ko bandeji ya jiƙe da jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji ya riƙe. Ga mai jego, a ƙara da jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, da ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishin gani, da jijjiga. Idan ka je, ka faɗi abin da ka gani da lokacinsa: "Numfashinsa 20 ne da la'asar, yanzu 30." Wannan ya fi "jikin ya tashi" saurin tayar da ma'aikaci. Idan ba a zo ba, ka koma cikin ladabi, ka nemi babbar ma'aikaciyar ɗakin.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce wannan ɗora wa talaka aikin gwamnati ne. Akwai gaskiya a ciki. Binciken 2016 ya samu ƙwararrun likitocin fiɗa da na haihuwa da na sa barci ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba a yankunan da asibitocin suke yi wa hidima, alhali abin da masana suka ƙayyade shi ne 20. Mai jinya ba zai cike wannan giɓi ba. Hasali ma, lokacin da masu binciken suka koma suka gwada ƙara sa ido a kan majinyata masu hatsari ta hannun ma'aikatan da ake da su, sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna raguwar mace-mace ba, domin hannayen sun yi kaɗan. Wannan ne ya sa aka waiwayi iyalai. A wani asibiti a garin Mbale na Yuganda an koya wa masu jinya auna numfashi da bugun zuciya da iskar jini, sai yawan awon da ake yi wa majinyaci a rana ya ƙaru sosai. Gwajin ƙarami ne, manufarsa a ga ko abin zai yiwu, kuma ya yiwu. Neman ƙarin ma'aikata wajibi ne a kanmu, amma wanda ɗansa yake kan gado yau ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Wani kuma zai ce binciken Turai ne, jikinmu da asibitocinmu daban. Amsar wannan ita ce a yi binciken a gida, kuma ba zai yiwu ba sai majinyata sun yarda. Na san gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo a zukata, kuma tsoron yana da dalili. Yau kana da haƙƙin a yi maka bayani da harshen da kake ji, ka tambayi ko kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince da binciken, ka ƙi ko ka janye a kowane lokaci ba tare da an rage maka kulawa ba. Yawancin binciken farfaɗowa ma rubuta abin da ya faru ne kawai, ba sabon magani. Alƙaluman da na kawo a sama, da irin wannan rubutu aka same su.

Idan an sa wa wani naka ranar tiyata, ku zauna a gida ku raba aiki tun kafin ranar. A zaɓi mai jinya mai natsuwa wanda zai iya ƙirga da tambaya, a kuma sa wanda zai karɓe shi, domin wanda ya kwana biyu ba barci ba ya ganin sauyin numfashi. A rage taron dubiya a kwanakin farko. A rubuta tambayoyi huɗu a takarda: wane magani zai sha da safiyar aiki, yaushe zai daina shan ruwa, yaushe zai tashi ya ci abinci, wa za a kira da dare. Ranar sallama kuma a biyo ta wurin mai harhaɗa magunguna, a karanta takardar tare, a san wanne za a sha, sau nawa, zuwa yaushe, da alamun da za su sa a dawo ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.